Kwamfutar buga gem da ƙaramin jari: ina ya kamata kuɗin su tafi?

Mutum yana da sefa 350,000, ko ya matse ya kai 450,000. Wace kwamfutar tafi-da-gidanka zai saya ta ɗauki gem ba tare da ta riƙa sarƙewa ba? Tambayar nan ta zama ruwan dare tsakanin samari a Garwa da Marwa da Gaundare, har Kuseri da tsallaken gadar Ngeli zuwa Njamena. Ba 'yan wasa kaɗai ke yin ta ba. Ɗalibin injiniya mai neman AutoCAD, manhajar zanen injiniya, da mai haɗa bidiyon biki, da mai zanen gidaje, duk irin wannan kwamfutar suke farauta, domin abin da ke ɗaukar gem shi ke ɗaukar aikinsu. Amsar da aka fi ji a bakin shago kuwa guda ce: "Ɗauki wannan, i7 ce." Amsar nan ta cinye kuɗin mutane da yawa. Tun ƙarshen 2025 kuma lamarin ya ƙara cakuɗewa, saboda farashin RAM, wato rumbun da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ya tashi a duniya, har wasu shawarwarin da aka daɗe ana bayarwa suka daina aiki.

Me ya sa suke tsada haka a wajenmu?

Sefa ɗaure take da euro, euro 1 sefa 655.957 ne, ba ya gaba ba ya baya. To, kwamfutar da aka saya euro 700 a kantin Faransa ta riga ta kai sefa 459,000 tun ba ta hau jirgi ba. Sai a ɗora kuɗin dako da na kwastan, ga harajin kaya na kashi 19.25 cikin ɗari a Kamaru, ga doguwar tafiya daga Duwala zuwa Arewa, ga ribar duk hannun da ta bi. A Kamaru, inda mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani da ba na noma ba yake sefa 60,000 tun 2023, kuɗin nan sun kusa albashin wata takwas. Sayayyar da ta kai haka ba a yin ta da ka.

Wasu suna cewa a tsallaka Mubi ko Yola, ko a aika Kano, tunda naira ta faɗi tun 2023 kuma sefa ta yi nauyi a can. A kan hatsi da atamfa lissafin yana iya fita. A kan kwamfuta ribar ba ta kai yadda ake zato ba, don ɗan kasuwar Najeriya da dala yake sarowa, kuma da dala yake sa farashi. Abin da kasuwar can ta fi mu shi ne yawan zaɓi.

Sai batun RAM. Kamfanoni uku ne ke yin mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka buɗe baki suna haɗiye kaya, kamfanonin suka karkata wajen da riba ta fi tsoka. A Disamba 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa na Crucial, sunan da duk mai gyaran kwamfuta ya sani. RAM ta yi tsada, SSD, ma'ajiyar fayiloli da wasanni, ta bi sahu, kuma tsadar tana isowa shagunanmu a hankali, yayin da tsohon kaya ke ƙarewa sabo na shigowa.

Tarkon "i7"

Cikin kwamfuta akwai ma'aikata biyu da ya kamata a rarrabe. Furosesa ita ce mai lissafi da ba da umarni. Katin hoto shi ne mai zana abin da ido ke gani a allo, sau 30 ko 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. A gem, katin hoto ne ke ɗauke da mafi yawan kayan. Kwamfutocin ofis ba su da kati na musamman, ɗan ƙaramin sashe ne cikin furosesa yake yin aikin, irin su Intel UHD da Iris Xe. Kwamfutar gem ta gaskiya tana da kati mai zaman kansa, na Nvidia ko na AMD, da nasa rumbun ajiya da tasa fanka.

Shi "i7" kuwa sunan dangi ne da aka fara amfani da shi tun 2008, kuma cikin dangin akwai tsoho akwai jariri. A duba lambar da ke biye. Core i7-7500U ta 2016 ce, ƙwayoyin aikinta biyu ne kacal, wat 15 take ci. Core i5-12450H ta 2022 ce, ƙwayoyinta takwas, an yi ta don wat 45. Wannan i5 ɗin ta bar waccan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Lambobin farko suna nuna zuriya, 7 a can, 12 a nan. Harafin ƙarshe yana nuna hali: U ta tsimin batir ce, H ko HS ko HX su ne na aiki mai nauyi. Haka abin yake a gidan AMD, inda Ryzen 5 5600H mai ƙwayoyi shida har yanzu tana riƙe gem da kyau.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: mai ƙaramin jari bai kamata ya biya ko sisi don i7 ba. Idan kwamfutoci biyu suna farashi ɗaya, ɗaya i7 da ƙaramin kati, ɗaya i5 ko Ryzen 5 da babban kati, ta biyun ce ta gem. Fitilu masu launi a ƙarƙashin madannai da jan zane a murfi ba sa ƙara hoto ko guda. Haka katunan Nvidia masu MX a gaba, irin MX250 da MX450: sun ɗan fi na ofis, amma ba don wasa aka yi su ba, ko da mai shago ya nuna tambarin Nvidia a jiki.

Katin hoto: suna, rumbu, da wat

A laftof ba a cire katin hoto a sa wani. Like yake da uwar allon. Abin da aka saya da shi za a zauna har ranar rabuwa, shi ya sa nan ne kuɗin ya kamata su taru.

Katunan da ke yawo a kasuwarmu, daga ƙasa zuwa sama, kusan haka suke. GTX 1650 ta 2019, mai rumbu 4GB, ita ce matakin farko da za a kira na gem. RTX 2050 sunanta yana ruɗi: sababbin kwamfutoci masu araha ne ke zuwa da ita, 4GB ce, kuma ba ta yi wa GTX 1650 nisa sosai ba. RTX 3050 ta 2021 tana da 4GB, daga baya aka fitar da mai 6GB. Sai RTX 3060 da RTX 4050, dukansu 6GB, kuma ƙarfinsu kusa da juna yake. Sama da su akwai RTX 4060 mai 8GB, da RTX 5050 da 5060 na 2025, su ma 8GB. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne tsofaffin GTX 1660 Ti da RTX 2060, masu 6GB, a wasanni da yawa suna kamo RTX 3050 mai 4GB har su wuce ta. Lambobi biyun farko zuriya ce, biyun ƙarshe matsayi ne cikin zuriyar, kuma mai 60 na jiya yakan fi mai 50 na yau.

Rumbun katin, wanda ake rubutawa VRAM, nan ake zuba kamannin ciyawa da fuskoki da gine-ginen da ke cikin wasan. Idan ya cika, sai wasan ya riƙa tsayawa cak na ɗan lokaci, ko fuskar ɗan wasa ta fito a dame. Yau 4GB ya matse ga sababbin manyan wasanni, 6GB ana lallaɓawa, 8GB ne wurin sakewa. A kula da wata dabara: wani zai buɗe maka shafin bayanai ya nuna "11GB" ko "12GB" a kan katin da 4GB ne. Jimilla ce ta rumbun katin da abin da yake arowa daga RAM. Layin da ke nuna rumbun katin na kansa shi ne abin dubawa.

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa ba. Nvidia ta bar wa masu ƙera laftof damar zaɓen yawan wutar da za su ba kati. RTX 4050 da 4060 ana iya ɗaure su daga wat 35 har 115. RTX 3060 daga 60 har 115, da ɗan ƙari idan furosesa ta sassauta. Wato kwamfutoci biyu suna iya ɗaukar tambari iri ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. Kamar dawakai biyu ne uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya yana ƙoshi da dawa da harawa, ɗayan rabi ake ba shi. Ranar hawan sallah ake gane bambancin. Sirara irin MSI Thin GF63 da Cyborg 15 suna ba katinsu wat 45. Masu kauri irin Lenovo LOQ da Asus TUF suna ba shi ninkin haka ko fiye. Shi ya sa RTX 3060 ta hannu mai cikakkiyar wuta takan doke sabuwar RTX 4050 da aka ɗaure a wat 45.

Ba a rubuta wannan lamba a jikin kwali da manyan baƙaƙe. Ana ganinta a manhajar Nvidia Control Panel, a shafin bayanan na'ura, inda aka rubuta iyakar wutar kati. Cajar ma tana tona asiri: kwamfutar da cajarta wat 120 ce ba za ta ba kati wat 100 ba, tunda furosesa da allo ma suna ci.

Katunan RTX suna da wata fa'ida da GTX ba su da ita, wato DLSS. Katin yana zana hoton a ƙaramin girma, sannan ya faɗaɗa shi da dabara har ido ya kasa ganewa sosai. Ga ƙaramin kati wannan babban taimako ne. Zuriyar 40 da 50 sun ƙara da ƙirƙiro hotuna a tsakanin na gaske. Adadin hotunan yana hawa, amma dabarar ita ma tana cin rumbu, kuma ba kowane wasa ke karɓarta ba.

Akwai kuma layin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana farawa ne daga Intel zuriya ta 8 da Ryzen 2000. A daidai wannan lokaci Nvidia ta kawo ƙarshen sabunta direbobin wasa, wato manhajar da ke tafiyar da kati, na GTX zuriyar 900 da ta 10. Don haka tsohuwa mai i7-7700HQ da GTX 1050, komai kyan jikinta, ƙofa tana rufe mata ta fuska biyu. Wasu sababbin wasannin harbi ma ba sa buɗewa sai kwamfuta tana da tsarin tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot a kunne.

Wane wasa za a buga?

Mafi yawan samarinmu ƙwallo suke so. eFootball na Konami, wanda a da ake kira PES, ba shi da nauyi sosai. Na kamfanin EA, wanda ya bar sunan FIFA a 2023 ya koma FC, a FC 24 ya nemi GTX 1050 Ti da RAM 8GB a matsayin mafi ƙaranci, GTX 1660 da 12GB don a sake. GTA V ya fito a kwamfuta tun 2015, GTX 1650 tana tafiyar da shi lafiya. Valorant da Fortnite ba sa wahalar da kati idan an rage ado. Wanda wasanninsa ke nan, RTX 3050 ta ishe shi, sauran kuɗin ya riƙe abinsa. Mai son sababbin manyan wasanni masu labari shi ne zai nemi 6GB zuwa sama.

Masu tara kuɗi saboda GTA VI kuwa su san cewa Rockstar ya sanar da shi ne don PlayStation 5 da Xbox Series. GTA V sai da ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi a na'urorin wasa kafin ya iso kwamfuta. Mai Free Fire da PUBG Mobile shi ma ya yi tunani, wasannin waya ne, waya mai kyau ta fi masa sauƙi.

Abu ɗaya kuma babu katin da ke gyara shi. Uwar garken yawancin wasannin intanet tana Turai ko Afirka ta Kudu, saƙo kuma sai ya je ya dawo. Idan ka harba ka ga abokin karawa ya riga ya kwantar da kai, sau da yawa hanya ce, ba kwamfuta ba. Ga nauyin saukewa: wasa ɗaya yana iya cin 100GB, sabuntawarsa kuma ba ta ƙarewa. Kuɗin data na MTN ko Orange ko Camtel, ko Airtel da Moov a Chadi, yana cikin farashin gem ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Zafi, ƙura da wuta

Masu gwada kwamfutoci a YouTube suna yi ne a ɗaki mai sanyin digiri 22 ko kusa da haka. A Garwa da Marwa da Njamena, Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja ta hura wa ƙarfe. Idan iskar ta fi ta mai gwaji zafi da digiri 15, kayan ciki ma za su hau da kusan haka. Furosesa tana rage gudu da kanta idan ta kusa digiri 95 zuwa 100, katin Nvidia kuma wajen 87. Abin da mai wasa ke gani shi ne minti goma na farko lafiya lau, daga nan sai jan ƙafa. Ba lalacewa ta yi ba, kanta take karewa.

Don haka a yankinmu kauri ba aibi ba ne. Kwamfuta mai fanka biyu, da bututun jan ƙarfe masu yawa, da ramukan fitar iska a baya da gefe, ta fi siririya mai kyan gani. A nan kuma masu goyon bayan ƙaramin wat suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce: katin wat 45 ba ya haifar da zafi kamar na wat 115, kuma bai cika cin wuta ba. Gaskiya ne. Sai dai sirarar da ake sa shi ciki sau da yawa fankarsu guda ce, abin da aka samu ta nan sai a rasa ta can. Mai kauri kuwa ana iya sa ta a yanayin tsaka-tsaki ta huce, siririya ba yadda za a yi a ƙara mata huhu.

Sai hunturu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana kwance bayan laftof da ta yi shekara a Marwa ya ga abin: tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi, ƙura da zaren tufafi sun daskare sun zama ɓawo ruwan ƙasa, ana ɗaga shi da tsinke ya taso a guda. Fankar tana ta kuka, amma ko tafin hannu aka kara a ramin ba a jin iska. Sharewa bayan kowane hunturu dole ce, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma yana bushewa, a canza shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Kafin saye a juya kwamfutar a ga ko bayanta da sukurori yake buɗewa cikin sauƙi. Kuma a daina ɗora ta kan katifa ko darduma. Ɗaga bayanta da ɗan katako kaɗai yana rage zafi.

Wutar Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai megawat 72. Idan ruwa ya ja baya a rani, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage wani abu. Njamena ma ta san wannan hali. Mutane suna zaton laftof ta warware matsalar tunda tana da batir. Batirin waɗannan kwamfutoci wat-awa 50 zuwa 60 ne galibi, wasa kuma yana iya jan wat 120 ko fiye. Da za a sake mata, rabin awa ta ƙare. Shi ya sa da an zare caja take rage ƙarfin kati sosai, ta ja awa ɗaya ko ɗaya da rabi tana ɗingishi. Amfanin batirin shi ne idan aka ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take.

Mai sola ya yi lissafi: batirin mota-mota na volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, rabin ne ake iya ci ba tare da an kashe shi ba. Kwamfuta mai jan wat 150 za ta cinye rabin nan cikin awa huɗu ko ƙasa da haka, ban da fanka da fitila. Kuma lokacin da wuta ke dawowa da ƙarfi, ko janareta na hawa da sauka, caja ce ke fara tafiya, wani lokaci ta ja uwar allo su tafi tare. Na'urar daidaita wuta mai kyau a cire kuɗinta tun kafin a shiga shago. Yawancin kamfanonin suna da wurin da ake tsayar da cajin batir a kashi 60 ko 80. A kunna shi, don batirin da ke zaune cike cikin zafi shi ke kumbura.

RAM, SSD, allo da madannai

A da shawarar ita ce a sayi mai 8GB a ƙara daga baya. Da tsadar yanzu, kwamfutar da ta zo da 16GB tun daga kwali ta fi wadda za a nema wa ƙari, sai a tambayi farashin sandar RAM a ranar kafin a yanke. Sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya gudu, domin hanya biyu suke buɗewa. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, wasu sirara kuma RAM ɗinsu like take. SSD 512GB shi ne mafi ƙaranci, kuma a duba ko akwai rami na biyu.

Allo ya zama 1920 da 1080, nau'in IPS. Ana tallata 144Hz, wato hoto 144 a daƙiƙa, yana da daɗi a ido, amma sai katin ya iya kawo hotunan. Masu arahar yawanci launinsu a koɗe yake, a takarda za a ga 45% NTSC. Ɗan wasa zai jure, mai gyaran hoto da bidiyon biki ya nemi 100% sRGB. Jerin madannan kayan Faransa da Beljiyam AZERTY ne, na Dubai da Amurka da Najeriya QWERTY. Yawancin wasanni suna barin a canza maɓallai, don haka wanda karatunsa da Faransanci yake kada ya ƙi AZERTY saboda gem.

Sabuwa ko ta hannu?

Masu cewa sabuwa suna da hujja: batir sabo, fanka sabuwa, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Masu cewa ta hannu suna cewa da kuɗin sabuwa mai RTX 2050 ana iya samun Legion ko Omen ko Nitro mai RTX 2060 ko 3060, wadda jikinta ma ya fi ƙwari. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗi. Garantin kamfani bai cika amfanar mai zama a Garwa ba, tunda mayar da kaya Dubai ko Faransa ya fi gyaran tsada. Garantin da ke aiki shi ne wanda mai shago ya rubuta a rasit, da lambar jikin kwamfutar, da adadin kwanaki. Sharaɗin kuwa shi ne gwaji. Hoton WhatsApp da "turo rabi ta Orange Money" ba ciniki ba ne, ba a cinikin biri a sama.

"Alhaji, a jona mini ita a wuta, a ba ni rabin awa."

"Haba ɗan samari, ba ka yarda da ni ba ne?"

"Ba haka ba ne, Alhaji. Kuɗin ne da wuya na tara su."

Mai gaskiya zai miƙo kujera. Daga nan a buɗe Task Manager a karanta cikakken sunan furosesa da na kati da rumbunsa. A zo da filasha mai ɗauke da HWiNFO da CrystalDiskInfo da FurMark, duk kyauta ne. Na farko yana nuna zafi da wat, na biyu yana faɗin awannin da SSD ta yi aiki da lafiyarta, na uku yana matsa wa kati lamba. A bar shi minti 15 zuwa 20 ana kallon allo. Ɗige-ɗige masu launi, ko layuka, ko mutuwar farat ɗaya, alamar kati ne mai ciwo, wataƙila wanda aka gasa da iska mai zafi ya farfaɗo na ɗan lokaci. A ajiye ta komai arahar. A kara kunne a ji ko fankokin biyu suna juyawa ba tare da ƙara irin ta gogayya ba. A rubuta wa Windows umarnin powercfg /batteryreport a ga abin da ya rage wa batir idan aka kwatanta da asalinsa. A buɗe murfin a rufe a hankali, domin maƙallan murfi wurin karyewa ne a masu jikin roba. A shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a tabbatar ba kalmar sirri. Sannan a juya caja a karanta wat ɗinta. Kwamfutocin Dell da HP suna gane cajar da ba tasu ba ko wadda ta yi musu kaɗan, sai su rage gudu, kuma caja ta asali mai wat 180 ko 200 ba a tsintar ta da araha.

Wasannin da ake "zubawa kyauta" a matsayin gyara, mafi yawansu fasassu ne, ba sa shiga intanet, kuma ta nan ƙwayoyin satar kalmar sirri ke shigowa. A goge komai a sa Windows sabuwa. Kantin wasanni na intanet na Epic yana ba da wasa kyauta kowane mako, na Steam kuma yana karya farashi a tsakiyar shekara da ƙarshenta.

A saya yanzu, a jira, ko a canza hanya?

Wanda ba ya yawo da kwamfutarsa, ta tebur ta fi masa: kuɗi ɗaya, ƙarfi ya fi, iska ta fi shiga, kuma ana canza kati idan hali ya samu. Illarta ita ce da an ɗauke wuta ta mutu, sai da UPS, na'urar batir mai riƙe ta na ɗan lokaci. Wanda ƙwallo da abokai kaɗai yake so, PlayStation 4 ta hannu ta fi kowace laftof sauƙi, masu gyaranta kuma suna ko'ina. Ɗalibin jami'ar Gaundare da ke Dang ko jami'ar Marwa, mai aiki da rana wasa da dare, shi ne laftof ta zama masa dole. Idan wasanninsa marasa nauyi ne, akwai ma hanya ta uku: Ryzen mai Radeon 680M ko 780M a ciki, ba kati na daban, amma tana ɗaukar eFootball da GTA V a matsakaicin ado, da ƙaramar caja da batir mai daɗewa.

Jira kuwa a da yana biya, domin kwamfuta kan sauko idan sabuwar zuriya ta fito. Gina masana'antar RAM yana ɗaukar shekaru, don haka tsadar da ta faro a 2025 ba irin wadda ke wucewa cikin wata biyu ba ce, kuma idan sabuwa ta hau, ta hannu tana bin ta. Wanda kuɗinsa suka kai RTX 3060 ko 4050 mai cikakkiyar wuta da 16GB, kuma ta ci gwaji, ban ga dalilin jira ba. Wanda kuɗinsa suka tsaya a RTX 2050 da 8GB, gara ya ƙara wata biyu ko uku yana tari, ko ya koma layin ta hannu, yana tambayar farashin a shago fiye da ɗaya, har da na Gaundare inda kayan Duwala ke fara sauka.